Hancin Inna da Buhun Dusa

A layinsu babu mai kiran ta da wani suna sai Inna Mai Hanci, ba kuwa don hancin yana da girma ba. Ɗan ƙarami ne, a baje, irin wanda tabarau ba ya zama a kansa sai an ɗaura zare. Aikin da yake yi ne ya jawo mata sunan. Idan mace ta sayo wake tana shakkar ko an zuba masa magani, Inna ake kawo wa. Idan akuya ta ƙi cin abinci, Inna za ta je ta buɗe bakinta ta kai hanci, ta ɗago ta ce ciki ne, ko haƙori ne, ko kuwa shagwaɓa ce kawai, a ƙyale ta da yunwa zuwa la'asar. Masu iya magana sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba, amma matan layin sun rantse na Inna ya sani, don daga bakin ƙofa take gaya wa mace cewa miyarta ta yi gishiri.

Ba da shi aka haife ta ba, koya ta yi. Shekara ashirin da bakwai ta kwashe a kicin ɗin wata makarantar kwana, inda ake sauke buhuna da mota a dafa wa ɗalibai ɗari huɗu. A can, kuskure ɗaya kan kwantar da aji guda, shi ya sa ta saba kai komai hanci kafin ya shiga tukunya. Masu kawo kaya sun tsane ta tsana mai tsanani, ita kuwa ko a jikinta. Da ta ajiye aiki, mijinta, wanda kafinta ne, ya riga ya rasu, ya bar mata gida mai ɗaki huɗu da fili a baya cike da guntayen katako da tsatsattsun ƙusoshi. Wata biyu ta yi tana tsince ƙusa ɗaya bayan ɗaya kafin ta sa fartanya.

Yau wanda ya shiga bayan gidan ba zai ce an taɓa fere katako a wurin ba. Fangali shida ne, na tumatir, na barkono, na kuɓewa, na albasa, sauran biyun tana juya su yadda shekara ta zo, don ba ta maimaita shuka ɗaya a wuri ɗaya. Turken awaki na jikin katanga ta inda iska ke fita, akurkin kaji a ɗage kan duwatsu. Ramin taki na can ƙurya, inda take zuba kashin awaki da tokar murhu da ɓawon kayan miya, tana yayyafa ruwa tana juyawa duk sati biyu. Sai sito, ɗan ɗaki mai taku uku, wanda mabuɗinsa ke ɗaure a haɓar zaninta. A ciki babu abin da ke taɓa ƙasa ko bango. Buhuna na kan katako, albasa na rataye da wuyanta a bushe, wake na cikin jarkoki an cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka an toshe baki tam, busasshen tumatir da kuɓewa na jere a kwalabe.

Kowane ɗayan waɗannan akwai ƙamshin da take jira a wurinsa. Taki bai nuna ba sai ya bar wari ya koma ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Tumatir ɗin da aka yanka aka barbaɗa wa gishiri aka shanya bai bushe ba sai ɗan tsamin nan ya fita. Ko ya bushe ɗin ma, ba ta yarda a ƙunsa shi da zafin rana a jikinsa, sai ya huce a inuwa, in ba haka ba zai yi gumi a kwalba ya yi funfuna. Waɗannan ba ta ɓoye wa kowa su. Abin da ba ta iyawa shi ne faɗarsu da taushi.

Da autanta take zaune, mai gyaran wutar lantarki, wanda har ya fara furfura ba ta daina kiran sa Auta ba. Matarsa ɗinki take yi a ɗakin gaba, kowa Tela yake ce mata. A gidan haya na bene ta tashi, ta zo gidan ko kaza ba ta iya kamawa. Ranar farko da bunsuru ya yi atishawa a bayanta, sai da ta bar takalmi ɗaya a turke. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce an kawo mata 'yar kallo.

Amma 'yar kallon nan naci gare ta. Da hantsi ya yi ta gama yankan da za ta yi, sai ta rufe keke ta bi Inna baya, tana tambaya kamar an aiko ta.

"Inna, me ya sa ba a zuba ɗanyen kashin kaji a gindin tumatir?"

"Zuba ki gani mana. Gobe ki zo ki yi masa ta'aziyya. Zafi gare shi, sai ya kwana biyu a rami."

"Sabuwar akuyar nan fa, me ta yi aka ɗaure ta ita kaɗai?"

"Ke da kika zo gidan nan, ran nan aka ba ki mabuɗi? Sati biyu za ta yi can, mu ga tarinta da kashinta tukuna."

Haka suka yi shekara uku. Inna ba ta taɓa cewa madalla ba, amma ta fara ɗebo abu ta miƙa wa Tela ta ce, "Shinshina, 'yar nan, me kika ji?" Idan ta faɗi daidai, Inna kan ce, "Uhm," ta wuce. Tela ta san darajar wannan uhm ɗin, har takan ba mijinta labari. Inna kuwa a ranta tana alfahari da ita fiye da yadda za ta iya faɗa, don 'ya'yanta mata biyu babu wadda ta taɓa tsayawa ta koya.

Da farkon damina mura ta kama Inna, mai nauyi, ta kwantar da ita kwana tara. Ta tashi, tari ya tafi, zazzaɓi ya tafi. Wata safiya ta ɗora albasa a wuta ta juya tana tsintar kuɓewa, ba ta ankara ba sai da ta ga hayaƙi na bin bango. Ta sauke tukunyar, albasa ta zama gawayi, ita kuwa ba ta ji ƙauri ko kaɗan ba. Ta tsaya riƙe da tsumma. Sannan ta fita ta nufi turke kai tsaye, ta kama bunsurun nan da warinsa ke hana baƙi zama a tsakar gida, ta cusa fuskarta a wuyansa ta ja numfashi. Babu komai. Bunsuru ya waigo yana kallon ta, ita ma tana kallon sa. A nan ta zauna bakin kwamin ruwa ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

Ta je asibiti ita kaɗai, ta ce wa mutanen gida za ta duba wata ƙawarta. Likita ya haska hancin, ya ce yakan faru bayan mura, wani ya dawo, wani ba ya dawowa, sai haƙuri. Ta dawo da niyyar faɗa musu gaskiya, har ta shirya kalmomin a mota. Tana shiga layi sai ga matar mai shago da kwano a hannu, ta ce, "Inna, Allah ya kawo ki, ji mini garin nan." Inna ta karɓa, ta kai hanci, ta murza garin da yatsu, ta ga babu dunƙule, ta ce lafiyarsa lau. Daga wannan kwanon ƙarya ta fara.

Kada a yi saurin ganin laifinta. Mace ce da ba ta yi boko ba, ba ta tara dukiya ba, ƙarfinta ya tafi, 'ya'ya sun girma. Abu ɗaya ya rage da ake sallama a ce ana neman ta dominsa. Tsoronta shi ne ranar da aka sani za a fara ce mata, "Inna, ki huta," a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, a karɓi mabuɗin cikin ladabi. Ta ga an yi wa wasu, kuma ta san daga wannan tabarmar ba a cika daɗewa ba.

Sai ta koma ga sauran abin da Allah ya bar mata. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wake ta ciza ta ji ko ya yi ƙas. Tumatir ta girgiza a faifai ta saurari ƙararsa. Taki ta cusa hannu ta ji ko zafin ya sauka. Wanda ya kawo mata abu kuwa fuskarsa take karantawa, don mutum ba ya ɗauko kwano ya taka har gidan wani sai ya riga ya ji wani abu. Sau tara cikin goma tana dacewa, sunanta bai motsa ba.

Tela ce matsalar. Kullum suna tare, kuma yanzu hancinta ya buɗe. Takan ce, "Inna, kwalbar nan kamar ta fara tsami." Inna ta karɓa ta duba, idonta bai ga komai ba. Idan ta yarda yau ta yarda gobe, yarinyar za ta lura cewa bin ta ake yi. Sai ta ja dogon numfashi a bakin kwalbar ta ce, "Ina tsamin yake? Ke dai hancinki ya cika gulma." Tela ta yi dariyar kunya ta mayar. Idan kwalbar ta lalace daga baya, Inna kan zubar a ramin taki ta rufe da toka kafin kowa ya gani. Da tafiya ta yi tafiya Tela ta rage magana, in an miƙa mata abu sai ta ce, "Inna, ke dai ji." Inna ta lura, abin ya dame ta, amma ta bar shi a haka.

Wajen ƙarshen damina aka yi kwana huɗu ana ruwa. Kwanon rufin sito ya tsage ta wajen ƙusa, ruwa ya riƙa bin bango yana ɗiga bayan buhun dusar awaki. Daga sama dusar fara ce tas, a bushe. Daga ƙasa ta jiƙe ta fara ruɓa, wanda ya shiga ɗakin da hanci zai sani. Inna tana shiga sau uku a rana.

Ran nan Tela ta ɗebo dusa a kwano za ta dama wa awaki, ta tsaya, ta dawo.

"Inna, don Allah ji wannan. Ni dai kamar... ko dai ni ce?"

Inna ta murza, ta ga gari na zuba ta tsakanin yatsunta yadda ya kamata. Ta kai hanci, ta yi jim kamar mai sauraro.

"Dusa ce, 'yar nan. Warin dusa take yi. Je ki ba su, suna kuka."

Kwana biyar ana ba su, kowace rana kwanon na ƙara nutsawa cikin buhu. Wadda ta fi ci ita ce babbar akuyar da suke kira Uwar Garke, wadda yawancin awakin gidan 'ya'yanta ne ko jikokinta, ga ta da tsohon ciki. A rana ta shida ta daina tuƙa, ta tsaya kai a sunkuye, cikin ya kumbura. Inna ta buɗe bakinta ta kai hanci don sabo, ta saki. Ta jiƙa kanwa ta ɗura mata, ta ɗura mai, ta yi ta murza cikin. Kafin Auta ya ɗauko malamin dabbobi a babur, Uwar Garke ta miƙe ƙafafu ta mutu, da abin da ke cikinta.

Malamin ya duba sauran, ya yi wa biyu allura, ya ce a nuna masa abincinsu. Inna ta kwance mabuɗi ta buɗe sito. Ko shiga bai yi ba ya ja da baya yana toshe hanci. Ya jawo buhun waje ya kifar, ƙasan ya fito a dunƙule, kore da baƙi.

"Haba jama'a! Wa ke ba dabba wannan? Ai tun daga bakin ƙofa ake jin sa."

Auta ya juya. "Wa ke ba su abinci?"

"Ni ce," in ji Tela.

"Ke ce! Ga Inna a gida, mutanen layi na takowa su kawo mata, ke da kike kwana gida ɗaya da ita me ya hana ki nuna mata? Kin koyi abu biyu kin ɗauka kin gama sani ko? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Tela ta ɗaga ido ta dubi Inna sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ka yi haƙuri." Inna na tsaye da mabuɗi a hannu, maganar na bakinta, malamin dabbobi na wurin, maƙwabta biyu sun leƙo ta katanga. Ta dubi idanun nan duka ta haɗiye. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ya isa, Auta, ajali ne." A duk rayuwarta ba ta taɓa raina kanta irin na wannan lokacin ba.

Kwana biyu Tela ba ta taka bayan gida ba. Ba fushi ta nuna ba, tana gaisuwa, tana kawo abinci, amma da hantsi ya yi sai a ji keke na ta sauri a ɗakin gaba. Inna ta yi ban ruwa ita kaɗai, ta share turke, ta hau kujera ta liƙe kwanon rufin da kwalta. Sau biyu ta ɗebo abu ta juya za ta miƙa, ta ga babu kowa a bayanta. Abinci ba ya wuce mata. Ta yi ta gaya wa kanta cewa akuya ce, an yi asarar da ta fi wannan, yarinya kuwa za ta huce. Amma ta san ba akuyar ce ta hana ta cin abinci ba.

A rana ta uku da la'asar ta wanke hannu ta shiga ɗakin ɗinki, wurin da ba ta cika shiga ba. Tela na ɗinke hannun wata riga, ta tsayar da keke za ta tashi ta ba ta kujera. Inna ta ce ta zauna, ita ta ɗosana kan tulin yadi.

"Me ya sa ba ki gaya masa kin nuna mini ba?"

"Inna, in ce me? Ai ni na ba su."

"Kin kawo mini. Na ce ki ba su."

Tela ta yi ta juya almakashi a hannu. "Na san ta sama kika ji, ita lafiyarta lau. Ni ya kamata in tona ƙasa. Ni dai Inna, na haƙura da aikin bayan nan, ba ni da hancinsa. Wata huɗu ke nan duk abin da na ce na ji, sai ya zama ba haka ba. Ran dusar nan ma na ji kamar wari, sai na ce haukan hancina ne ya motsa. Gara in tsaya kan abin da na iya."

Inna ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ita a zatonta abin da ta ɓoye nata ne ita kaɗai, ba ta ci hakkin kowa ba. Ashe shekara ukun da ta yi tana gina yarinyar nan, ita da kanta ta bi ta rushe a wata huɗu.

"Ajiye almakashin nan ki dube ni," in ji ta. "Tun murar da na yi, ba na jin komai. Ba ƙamshi, ba wari. Ko fetur kika sa mini a nan, da shi da ruwa duk ɗaya. Dusar nan ban ji ta ba. Kwalaben nan ban ji su ba. Kaiwa hanci kawai nake yi."

Tela ta ajiye almakashin. Ta dubi hancin, ɗan ƙaramin nan da duk layin ke rantsuwa da shi, sannan ta dubi idon Inna, ta ga ba wasa ba ne.

"Inna! Wata huɗu? Ke kaɗai? Kin je asibiti?"

"Na je. Bar wannan, ba tausayi na zo nema ba. Na ji tsoron a ajiye ni ne, sai na bari ke kika ɗauki kayan. Ki yafe mini."

Hawaye ya zubo wa Tela, ta share da hannun rigar mutane da take ɗinkawa ba ta ma sani ba. Can ta tambaya a hankali, kamar mai tsoron amsar.

"To Inna, a cikin waɗanda na ce na ji, sau nawa na yi daidai?"

Inna ta tuna kwalaben da ta binne ƙarƙashin toka, da waɗanda ba ta san ƙarshensu ba.

"Waɗanda na gani da idona, 'yata, ba ki taɓa kuskure ba. Ko sau ɗaya."

A waje babur ya tsaya, suka ji Auta na turo shi cikin soro. Inna ta dafa keken ɗinki ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara. Tela ta riƙo zaninta.

"Inna, bar shi. Ya riga ya wuce, ni ban riƙe shi ba. Tsakaninmu ya isa."

"A gaban mutane ya yi miki faɗa, a gabansu zan wanke ki," in ji Inna, tana zare zanin daga hannunta. "Leƙa ki kira mini matar mai shago da na bayan katanga. Ni bari in tare shi kafin ya cire takalmi."